Shekara Bakwai Ina Kunna Fitilar Kazar Katako

Litinin ɗin nan da ta wuce Malam ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ni ban iya lissafin kalanda ba, da damina nake ƙirgawa, wannan kuwa ita ce ta bakwai da ruwa ya sauka a kan kwanon ɗakinmu ba ya ciki. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. 'Yata Bilki, wadda take koyarwa a wata firamare a Hanwa, ita ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa, don a kai jarida. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, kada kuma ta tsallake inda na yi kuka. Ta ce kuka ba ya hawa takarda. Na ce to ta rubuta cewa na yi.

Sunansa na bar mata ta rubuta da kanta, don bakina bai saba ba: Malam Haladu Kafinta. Shekara talatin da wani abu ya yi yana aikin katako a wajen binciken noma na nan Samaru. Ƙofofi, tagogi, kejin kaji, duk abin da aka ce ya ƙera. A can ya riƙa ganin manyan injinan da ake zuba wa ƙwai su ƙyanƙyashe ba tare da uwa ba, abin ya tsaya masa a rai. Da ya yi ritaya, wata uku ya yi yana zaune a ƙofar gida yana gaisawa da masu wucewa har ya fara ramewa. Ran nan sai ga shi ya dawo daga Sabon Gari da katako a bayan a-kori-kura.

Akwati ya haɗa, tsawonsa ya kai ƙuguna, bango biyu, tsakaninsu ya ɗura ɓuntun shinkafa don ya riƙe ɗumi. A gefe ya kafa fitilar kananzir, da bututun gwangwani da ke ratsawa ciki yana kai zafi. Akwai faifan waya inda ƙwai ke kwanciya, da tasar ruwa a ƙarƙashi, da 'yar taga ta gilashi. A jikin tagar ya rataye ma'aunin zafi, ya ɗaura masa jan zare daidai inda ya kamata zafin ya tsaya. Ya ajiye akwatin a shagonsa, wanda ƙofarsa ke kallon titi.

Na ce masa, "Malam, Allah ya halicci kaza da fukafukanta, kai kuma ka taso da guduma da ƙusa?"

Ya ce, "Kazarki goma take rungumewa, sannan ta yi wata biyu tana yawo da su a bola ba ta ba ki ƙwai ko ɗaya ba. Tawa sittin take ɗauka, kuma ba ta tsattsagar kowa."

Zubin farko ya dafa su sarai. Na ce da ya gaya mini da wuri da na daka yaji. Kwana biyu bai yi mini magana ba sai gaisuwa. Zubi na biyu bakwai suka fito, ya ɗauko su a cikin hularsa ya kawo mini har madafa, ya tsaya yana kallona. Daga nan unguwa ta sa wa akwatin suna kazar katako, sunan ya bi shi har yau.

Malam mutum ne mai ƙa'ida, wani lokaci har ta yi yawa. Ba ya zuba ƙwai sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don su fito Juma'a ta uku. Kowane ƙwai yana yi masa alama da fensir, gicciye a wannan gefe, da'ira a wancan. Sau uku yake juya su a rana, bayan asuba, bayan azahar, bayan magariba, kullum daga hannun dama yake farawa. In ya gama, duk faifan alama ɗaya yake nunawa. Talatar mako na uku sai ya daina juyi, ya ƙara ruwa a tasa, ya rufe ƙofa, ko sarki ne ya zo ba a buɗewa sai Juma'a.

Da matan unguwa suka ga abin na yi, sai suka fara kawo nasu ƙwan. Kowace da shaidarta. Maman Rahila, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda mijinta ke aiki a coci, da shuɗin wanki take ɗiga wa nata. Hajiya Kulu da lalle. Wata da gawayi, wata da jan farce. In sun fito, kowace ta ɗauki nata ta bar masa ɗaya cikin huɗu ladan kananzir. Bai taɓa haɗa wa wata ɗan tsakonta da na wata ba, abin da yake alfahari da shi ke nan. Ni dai ban taɓa sa hannu a akwatin ba. Iyakata in kai masa abinci shago in tsaya ina tsokanarsa, ina da kajina a tsakar gida, ina ganin sun ishe ni.

Ranar Litinin ce, cikin tsakiyar damina, ƙwai suna da kwana goma a ciki. Ya dawo daga sallar azahar ya shiga shago. Masu wucewa ne suka ga ya zame ya jingina da bango. Kafin la'asar ya cika a asibiti, kafin magariba an kai shi. Tuwon da na ajiye masa yana nan a rufe. Ba zan iya faɗin wannan wuni ba, Bilki ma ta ajiye biron.

Washegari bayan na idar da sallar asuba, ina zaune a kan tabarma, mata cike da ɗaki, sai na ji kunnena yana jiran wani abu. Ƙarar ƙofar akwatin nan ce. Shekara huɗu ina jin ta ta cikin bango kowace asuba, ban san na saba da ita ba sai da ta yi shiru. Ƙwai sittin na gida biyar suna can, ba a juya ba, fitila kuma tun jiya ba a ƙara mata mai ba.

Ga ni na shiga takaba, ba fita. Shagon kuma a waje yake, a gabansa aka shimfiɗa tabarmin maza masu karɓar gaisuwa. Na aika aka kira ɗanmu na fari, wanda nake ce wa Babba tun da ba na faɗin sunansa, na ce a shigo mini da akwatin cikin gida. Ya ce sai ya gaya wa Yaya Tanimu, wan Malam, wanda shi ne babba a zaman. Shekara arba'in ina gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dubi Yaya ba, balle in ja da shi. Ya zo bakin zaure ya tsaya, ni ina bayan labule.

Ya ce, "Uwar gida, jiya jiya muka binne ɗan'uwana, yau kuma zancen ƙwai ake? Mutane su ce me? A kashe fitilar nan, in na ci ne a dafa wa baƙi."

Na ce, "Yaya, a gafarce ni. Ba na ci ba ne, kwanansu goma sha ɗaya yau, akwai rai a ciki. Kuma ba namu ba ne mu kaɗai, amanar mutane ce ya karɓa. Ba na so a tambaye shi ita a can alhali ina da hannu."

Can sai na ji ya ce wa Babba, "Nemo mutum uku. Ku ɗauke shi a hankali, kada ku girgiza."

Maza huɗu suka shigo da shi, biyu gaba biyu baya, suna tafiya sannu sannu, kamar yadda suka fita da mai shi jiya. Matan da ke tsakar gida suka fashe da kuka. A dokin ƙofar zaure ɗaya ya yi tuntuɓe, akwatin bai faɗi ba, amma ma'aunin zafin ya suɓuce ya tarwatse, jan zaren ya zame ya kwanta a ƙasa. Suka ajiye mini shi a kusurwar ɗakina. Fitilar tana ci, amma da kyar.

Da na buɗe ƙofar, sai na ga rabin faifan na dama yana nuna da'ira, rabin hagu yana nuna gicciye. Ashe yana tsakiyar juyi abin ya same shi. Na ga daidai ƙwan da hannunsa ya tsaya a kai. Na daɗe a durƙushe. Sannan na yi bisimilla na ɗora daga inda ya tsaya, har faifan duka ya koma da'ira.

Saura zafi. Babba ya sayo ma'auni irin na asibiti a kemis, amma ba wanda ya san inda jan zaren yake a da. Aka tambayi abokan aikin Malam biyu da suka zo gaisuwa. Ɗaya ya ce ɗari da biyu, ɗaya ya ce talatin da tara. Da aka kawo mini saƙon na ce tsakanin waɗannan biyun ai ko dai a soya ko a daskare. Bilki ta yi ta yi mini bayani cewa duk abu ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta. Na ce na ji, amma ni lamba ba ta yi mini magana, ku kuma ba za ku zauna gadin fitila wuni guda kuna da baƙi ba.

Maman Rahila ce ta fitar da ni. Tun ranar rasuwar take gidan, ita ke kan tukunya tare da dangi. Ta saurare mu, ta goge hannu a zani ta fita, sai ga ta da kwando a rufe da tsumma. Baƙar kazarta ce mai kwanci, da ƙwanta takwas a ƙarƙashi. Ta ajiye kwandon kusa da akwatin ta ce, "Mama, ga malamar da ta koya wa Baba aikin. Ki tambaye ta."

Sai na tuna yadda kakata take yi a ƙauye in tana so ta san ko kaza ta yi wa ƙwai yaji. Na zura hannu ƙarƙashin kazar, ta tsattsage ni, na zaro ƙwai ɗaya na ɗora a fatar idona. Na mayar. Na ɗauko na akwati na ɗora a wuri guda. Na akwati ya fi sanyi. Na ɗaga lagwani kaɗan na jira, na sake gwadawa, har na ji su daidai. Haka na yi ta yi kwana bakwai, daga kazar Allah zuwa kazar Malam, sau da yawa a wuni. Ina yi ina cewa a zuciyata, Malam, ka ga dai taka ba ta wuce ta nemi shawarar tawa ba. Wannan ce magana ta farko da na yi da shi bayan tafiyarsa, kuma tsokana ce.

Ba zan ɓoye ba, akwatin nan shi ya riƙe ni. Mai takaba wuninta tsawo gare shi. Masu gaisuwa su shigo, a yi addu'a, a yi kuka, su fita, wasu su shigo. Amma ni ina da abin da ke tashe ni daga tabarma sau uku, da abin da zan duba tsakani. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, dangi na nesa suka fara watsewa. Talata ta zo, na yi juyin ƙarshe, na cika tasa da ruwan ɗumi, na rufe ƙofa kamar yadda na ga yana yi. Na ce na gama, ban bar komai ba.

Ranar Alhamis da yamma na kara kunne na ji ƙus ƙus a ciki. Juma'a da hantsi gilashin ya yi gumi, ana ta tsuwa. Na danne zuciyata ban buɗe ba sai da aka sauko daga masallaci. Arba'in da ɗaya suka fito, sun bushe, suna tattake juna, ɓawo ya tarwatse ko'ina, mai shuɗi a kan mai lalle, mai gawayi a ƙarƙashin mai jan farce. Ina cikin hamdala sai na lura da wani abu. Shaidar a jikin ɓawo take, ba a jikin ɗan tsako ba. Wanne ne na wa?

Sai a lokacin na tuna wasu 'yan shingayen waya da ke rataye a ƙusa a shago. Ashe ranar Talatar da yake daina juyi yake jera su a faifan, ya ware wa kowane gida ɗakinsa, kowa ya fashe a cikin nasa. Sau nawa na gan su ban taɓa tambaya ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar Litinin. Amanar da na tsaya a gaban Yaya saboda ita, ga shi na cakuɗa ta da hannuna. Abu ɗaya da Malam bai taɓa yi ba, ni na yi masa shi a zubinsa na ƙarshe.

Na aika aka kira matan su huɗu, na gaya musu gaskiya, na ce su yafe mini, su yafe masa. Suka zagaye kwandon da na kwashe 'yan tsakin a ciki. Maman Rahila ta sunkuya ta daɗe tana leƙawa, sannan ta ɗago ta ce, "To Hajiya, ke da kika je Makka, duba mana. Wanne ne Kirista a nan, wanne ne Musulmi?"

Hajiya Kulu ta ce, "Ga naki can, mai bakin nan da ya hana kowa sakat. Tun yanzu ya fara waƙar coci."

Dariya ta ɓarke a ɗakin da aka yi kwana goma sha ɗaya ba a yi ta ba. Na yi ƙoƙarin rufe bakina da mayafi, ta ƙi. Suka ce in riƙe duka, na ce Malam ba zai yarda ba. A ƙarshe aka rufe kwandon da zani, kowace ta zura hannu ta ɗauki ɗaya, a zagayo, har suka ƙare, ni ma ina cikin layi. Da yamma Yaya Tanimu ya aiko Babba, wai in da hali a ba shi biyu, yana so ya ga abin ɗan'uwansa yana yawo a gidansa na Dogarawa. Na ba shi uku.

Yau in na zauna nakan ce, da Malam zai leƙo, me zai ce? Samaru ta cika, gonar da ke bayanmu ta zama ɗakunan haya na ɗalibai. A Sabon Gari yanzu kwali kwali ake sauke 'yan tsakin gidan gona, farare tas, kamar an wanke su, mako shida sun isa yanka, amma in ruwa ya taɓa su sai a yi ta jinya. Na san zai sayi goma don ya gani da idonsa, sannan ya ce ba su da ƙashi. Kowa da waya a hannu, matan unguwa ba sa ma aiko tambaya, sai dai su bugo wa Bilki, "Sun fito?" Bara Babba ya kawo mini injin ƙyanƙyasa na lantarki, fari, mai juya ƙwai da kansa. Na yi masa godiya ƙwarai. Amma wutar da ake kawo mana ba ta kai a dafa shayi, balle a yi mako uku. Yana nan a kan kabad, ina ajiye daddawa a ciki, ɓera ba ya shiga. Da Malam na nan, na tabbata kafin la'asar ya kwance shi gaba ɗaya don ya ga yadda aka yi, ya bar mini kusoshi a tabarma.

Shekarar da aka yi murar tsuntsaye ce ta fi yi mini wuya. Mutane suka guji kaji, aka ce a yi hattara, na kashe fitilar wata biyar. Ɗakin ya yi mini faɗi, asuba ta rasa abin yi bayan salla. A lokacin ne na san cewa takabar da wasu ke gamawa a wata huɗu da kwana goma, ni tawa a watannin nan na yi ta. Da abin ya lafa, Maman Rahila ce ta fara shigowa da ƙwai goma sha biyu a ƙullin zani, ba ta ko yi sallama da kyau ba ta ce, "Mama, yau Juma'a."

Abu ɗaya ne na san zai yi mini faɗa a kansa. Shingayen wayar nan har yau suna rataye a ƙusarsu, ban taɓa sa su ba. Matan ne suka ce a bar su. Kowace ta kawo ƙwanta, a zuba tare, in sun fito a rufe kwando a zagaya. Wadda ƙwanta suka yi baragurbi ba ta komawa gida hannu wofi, wadda nata suka yi kyau ba ta sani ba balle ta yi gori. Yanzu gida tara ne. Kajin unguwar nan sun cakuɗe har ba mai iya cewa ga asalin na wane. Na san zai tsaya ya riƙe ƙugu ya ce wannan ba tsari ba ne. Ni kuma in ce masa, Malam, kai ka tafi ka bar aiki rabi, yadda na iya na ƙarasa.

Bai bar mana dukiya ba. Gidan nan, da kayan aikinsa, da akwati mai bango biyu wanda gara ta fara ci ta ƙafa ɗaya har Babba ya tokare shi da bulo. Amma in zakara ya yi cara da asuba daga nan har bakin kasuwa, da wuya a ce kakarsa ba ta cikin akwatin nan ta fito ba. Ina kewarsa, ba na jin kunyar faɗa a jarida. Ina kewar tarinsa a zaure da ƙamshin katako a rigarsa. Amma ba ni cikin ƙunci. Ina da 'ya'ya masu jin ƙaina, da maƙwabta, da aikin da ke jirana sau uku a rana. Wanda ya karanta wannan, in ya san Malam ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa, ya sa ya huta.

Idona ya dushe yanzu, gicciye da da'ira sai na matso da ƙwai dab da hancina nake rarrabewa. Bilki tana damuwa, tana cewa in bari haka nan. Na ce mata gani ne ya ragu, fatar idon tana nan yadda take, ita kuwa ita ce ma'aunina. Na ce ta rufe littafin haka, an kira azahar, kuma yau kwanansu goma. Daga dama zan fara.